Ciwon Da Ke Cinye Ƙashi: Yadda Likitoci Ke Gano Shi

Gabatarwa

Babu wanda bai san karaya ba a ƙasar Haɗeja. Yaro ya faɗo daga kan mangwaro, ko amalanke ta danne ƙafar manomi a fadama, ko ɗalibi ya karye a filin ƙwallo. A kai shi wurin mai ɗori ko asibiti, bayan wata biyu ko uku ƙashi ya haɗe, mutum ya koma harkokinsa. Abin da ba mu saba ji ba shi ne ƙashi ya ƙi haɗewa, ya riƙa sirancewa a hankali, har wata rana a ɗauki hoto a tarar wani yanki nasa babu shi sam. Akwai irin wannan ciwo a duniya. Likitoci suna kiransa ciwon Gorham-Stout, wasu kuma su ce masa ciwon ɓacewar ƙashi. Waɗanda aka rubuta labarinsu a littattafan likitanci a duk duniya 'yan ɗaruruwa ne kawai.

To, me ya sa za mu ɓata shafi a kan ciwon da ƙila babu ɗaya daga cikinmu da zai taɓa ganinsa? Dalili shi ne hanyar da ake bi a gano shi. Likita ba ya isa ga sunan wannan ciwo sai ya bi ta kan cututtukan ƙashi da muke fama da su a nan gida, ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar ba su ba ne. Wanda ya fahimci wannan hanya ya san abin da zai yi ran da ƙashin ɗan'uwansa ya ƙi warkewa.

Ƙashi abu ne mai rai

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206 a jikinsa. Mun saba ganin ƙashi a bushe bayan an cinye nama, shi ya sa muke ɗaukarsa kamar dutse. Amma ƙashin da ke jikin mai rai yana da jijiyoyin jini, yana da ɓargo, kuma kullum ana aiki a cikinsa.

Mu dubi katangar ƙasa a gidajenmu. Damina takan zaizaye ta, in rani ya yi a kankare inda ya lalace a sake yaɓe. Haka jiki yake yi wa ƙashi. Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu masu wannan aiki. Na farko su ne masu rushewa, waɗanda ke narkar da tsohon ƙashi. Na biyu su ne magina, masu cike gurbin da sabo. A jikin babban mutum ana sabunta wajen kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwansa a kowace shekara. Kayan ginin kuwa mafi muhimmanci shi ne sinadarin kalsiyam, wanda kashi 99 cikin 100 na abin da ke jikinmu yana ajiye ne a ƙashi da haƙora.

Muddin rushewa da gini suna tafiya daidai, ƙashi yana nan da ƙarfinsa. In masu rushewa suka fi magina sauri, sai ƙashi ya fara raguwa. Duk cututtukan da za mu ambata a ƙasa, ko ta wace hanya suka zo, a nan suke haɗuwa.

Tarihin ciwon

A shekarar 1838 wani likita mai suna Jackson a birnin Boston na Amurka ya rubuta labarin wani saurayi da ya karye a damtse. Ƙashin bai zauna ba, ya ci gaba da narkewa har ya ƙare, hannun ya zama tsoka da fata kawai daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. A lokacin babu na'urar hoton ƙashi, domin sai a 1895 ne Röntgen ya gano haskenta a Jamus. Da taɓawa da ido kaɗai Jackson ya bi al'amarin.

Fiye da shekara ɗari bayan haka, a 1955, wasu likitoci biyu na Amurka, Whittington Gorham da Arthur Purdy Stout, suka tattara labarin marasa lafiya 24 masu irin wannan ciwo. Da suka duba naman da aka ɗebo daga wuraren da ƙashi ya ɓace, sai suka ga ƙananan jijiyoyi masu siririn bango sun cika wurin maƙil. Daga sunayensu ciwon ya samo suna.

Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa yawancin jijiyoyin nan na ruwan jiki ne da ake kira limf. Shi wannan ruwa yana da nasa hanyoyi dabam da na jini, kuma kaluluwar da ke fito mana a hammata ko matsematsi in mun ji ciwo tana kan waɗannan hanyoyi ne. A ciwon Gorham-Stout, hanyoyin limf sukan yi ta tsiro a cikin ƙashi ba bisa ƙa'ida ba, masu rushewa su ƙara himma, magina kuma su yi shiru. Mutanen bakin kogi sun san yadda ƙaramar ƙorama takan ratsa gaɓa ta ƙarƙashi, tana ci a hankali, har wata rana gaɓar ta rufta. Kusan haka abin yake. A shekarun 2020 da 2021 masu bincike sun sami wani canji a ƙwayar halitta mai suna KRAS a cikin naman wasu marasa lafiya. Canjin yana wurin ciwon ne kaɗai, ba a gadonsa daga iyaye. Ciwon kuma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

Alamominsa

Ciwon ya fi kama yara da matasa, maza da mata, ko da yake yakan zo a kowane shekaru. Ya fi son kafaɗa, ƙugu, muƙamuƙi, haƙarƙari, ƙashin baya da ƙoƙon kai. Yakan fara da ɗan ciwo mai nukurkusa, ko kumburi, ko raunin gaɓa. Wani kuma ba ya jin komai sai ran da ya karye a kan abin da bai isa ya karya mutum ba. In muƙamuƙi ne, haƙora sukan fara girgiɗi, fuska ta karkace. Wani halinsa na dabam shi ne yakan tsallake gaɓa ya kama ƙashin da ke maƙwabtaka da na farko.

Haɗarinsa ya fi yawa a wuri biyu. In ya ci ƙashin baya, yana iya taɓa lakar da ke ciki, ƙafafu su shanye. In kuma ya ci haƙarƙari ko ƙasusuwan ƙirji, ruwan limf mai kama da madara yakan tsiyaya ya taru a gefen huhu, numfashi ya yi wuya. Wannan na biyun yana iya kisa in ba a kula da shi da wuri ba.

Mai karatu zai lura cewa ciwo da kumburi da karaya alamomi ne na cututtuka da yawa. A nan wahalar take.

Tsani na farko: kawar da cututtukan gida

In taru ya yi nauyi a kogin Haɗeja, masunci yakan fara zaton kifi ne kafin ya yi zaton kada. Likitan kirki ma haka yake. In ya ga ƙashi yana lalacewa, zai fara neman abin da ya fi yawa a ƙasarmu.

1. Tarin fuka na ƙashi. Ƙwayar tarin fuka ba a huhu kaɗai take zama ba. Takan shiga ƙashin baya ta cinye shi har mutum ya yi doro. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya yi bayanin wannan tun 1779. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi fama da tarin fuka a Afirka, saboda haka shi ake fara zargi. Ana tambaya game da zazzaɓin dare, gumi da rama, a ɗauki hoton ƙirji, a gwada majina ko mugunya a na'urar GeneXpert. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

2. Ƙwayoyin cuta masu sa mugunya a ƙashi. Sukan shiga ta rauni, ko ta karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta jini. Wurin yakan yi zafi, a yi zazzaɓi, daga baya ya fashe yana zubar da mugunya. A hoto ana ganin mataccen ƙashi da sabon ƙashi da jiki ke ƙoƙarin ginawa a kewayensa.

3. Sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da wannan ciwo a Nijeriya kowace shekara. Jinin mai sikila yakan toshe ƙananan jijiyoyi, kan ƙashin cinya ya rasa jini ya mutu ya lotse. Gwajin jini yana nuna shi.

4. Ƙarancin kalsiyam. Yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe ko suka yi gwame sau da yawa wannan ne matsalarsu. Wani bincike da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna cewa yaran Nijeriya masu wannan laushin ƙashi sun fi samun sauƙi da kalsiyam a kan bitamin D shi kaɗai, domin rana ba ta yi mana ƙaranci ba, abincin ne ba shi da isasshen kalsiyam.

5. Ciwon ƙoda. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin an daɗe ana kuka da yawansa a Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Ƙoda ce ke gyara bitamin D ya zama mai amfani, ita ce kuma ke fitar da rarar sinadarin fosfet. In ta gaza, kalsiyam na jini yakan ragu. Sai wasu 'yan ƙananan halittu guda huɗu da ke cikin wuya su ba da umarni a ɗebo shi daga ƙashi. A hankali ƙasusuwa su yi rauni. Gwajin jini na ƙoda da na kalsiyam yana bayyana wannan.

6. Ciwon daji. Wani yakan fara a ƙashin kansa ko a ɓargo, wani kuma ya taso daga mama ko mafitsara ko wani wuri ya sauka a ƙashi. Akwai wanda ke kumbura muƙamuƙin yara, wanda likita Denis Burkitt ya yi bayaninsa a Yuganda a 1958, kuma ya fi yawa a ƙasashen da ke da zazzaɓin cizon sauro irin tamu.

7. Kuturta da noma. Kuturta takan kashe jijiyoyin ji, mutum ya yi ta jin rauni bai sani ba, ƙasusuwan yatsu su riƙa gajarcewa. Asibitin Yadakunya kusa da Kano ya daɗe yana kula da masu ita, kuma tun 1995 ake ba da maganinta kyauta a duniya. Shi kuwa noma yakan ci kumatu da muƙamuƙin ƙananan yara masu tamowa cikin 'yan kwanaki. Akwai asibitinsa na musamman a Sakkwato tun 1999.

Kusan dukkan waɗannan suna da magani ko hanyar rage ɓarnarsu in an zo da wuri. Ke nan tsanin farko ba ɓata lokaci ba ne. Yawancin marasa lafiya a nan za su sami amsarsu.

Tsani na biyu: hoto

Hoton ƙashi na yau da kullum, irin wanda ake ɗauka a manyan asibitoci, yana da iyaka. Ba ya nuna raguwar ƙashi sosai sai an riga an rasa wajen kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na sinadarinsa. Saboda haka hoton farko yana iya fitowa kamar lafiya lau alhali ciwo ya fara.

A ciwon Gorham-Stout, hoton farko yakan nuna 'yan ɗige-ɗige masu duhu a cikin ƙashi. Bayan watanni sai su haɗe su zama fili. Daga nan ƙarshen ƙashin ya sirance ya yi tsini kamar wutsiyar ɓera, a ƙarshe ya ɓace. Abin da ya fi jawo hankalin likita shi ne babu alamar gini. A karaya ta yau da kullum, jiki yakan tara sabon ƙashi a bakin karayar, wanda mai ɗori ke ji da hannunsa kamar dunƙule. A nan babu wannan dunƙulen.

Hoto guda ba zai nuna cewa ƙashi yana raguwa ba. Sai an jera na watan Janairu da na Yuni da na Disamba an gwada su. Shi ya sa tsohon hoto yake da daraja. Da yawa daga cikinmu mukan bar shi a rana, ko ruwa ya jiƙa shi lokacin ambaliya irin ta 2022, ko yara su yi wasa da shi. Wanda ya yar da tsohon hoto ya yar da shaidar da ba za a sake samu ba.

Bayan haka akwai hoton CT, mai nuna ƙashi yanki-yanki kamar an yayyanka rake, da hoton MRI mai nuna tsoka da ɓargo da jijiyoyin da suka tsiro. Don waɗannan akan tura mara lafiya manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ko Asibitin Ƙashi na Dala da ke aiki tun 1959.

Tsani na uku: ɗebo naman wurin

Gwajin jini ba ya nuna ciwon Gorham-Stout. Yawanci jinin mai shi yakan fito daidai, kuma wannan kansa shaida ne, domin ya kawar da ƙoda da ƙarancin kalsiyam. Abin da ya rage shi ne likita ya ɗebo ɗan ɓallin ƙashi da naman da ke kusa da shi, a yanka shi sirara ƙwarai, a rina, a duba a madubin likita. Mai duban yana neman abu uku. Shin akwai ƙwayoyin ciwon daji? Shin akwai alamar tarin fuka ko mugunya? Shin akwai jijiyoyin nan masu siririn bango? Akwai wani rini na musamman mai suna D2-40 da ke kama bangon jijiyoyin limf, ya bambanta su da na jini.

Wani lokaci ɗiban farko ba ya faɗawa kan wurin da ya dace, sai an sake. Iyalai sukan ji haushi a nan, su ce likita bai san aikinsa ba. Amma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Likitan da ya sa wa ciwo suna da gaggawa yana iya ɗora yaro a kan maganin tarin fuka na watanni masu yawa, ko maganin ciwon daji mai wahalarwa, alhali ba ciwonsa ke nan ba, ƙashi kuma yana ta tafiya.

A 1983 wani likitan baki da muƙamuƙi mai suna Heffez da abokan aikinsa suka tsara sharuɗɗa takwas da har yanzu ake dubawa. A taƙaice suna cewa: a ga jijiyoyin a naman da aka ɗebo, kada a ga ƙwayoyin da suka sauya kama irin na ciwon daji, kada a ga alamar sabon gini, a tabbatar ƙashin yana ci gaba da raguwa a wuri guda, kada wurin ya bunƙasa ko ya zama gyambo, kada ciwon ya kama kayan ciki, hoto ya nuna narkewar ƙashi, kuma a kawar da gado, da ƙwayoyin cuta, da ciwon daji, da matsalar sinadaran jiki ko ta garkuwarsa. Sai duk waɗannan sun cika ake kiran sunan.

Bayan an gano shi

Babu magani guda da ke warkar da kowa, amma akwai abubuwan da ke taimakawa. Akwai magungunan da ke rage himmar ƙwayoyi masu rushe ƙashi, waɗanda ake haɗawa da kalsiyam da bitamin D. Akwai maganin sirolimus, wanda aka samo daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasar tsibirin Rapa Nui a tekun Fasifik. Shi yana rage tsiron jijiyoyin limf, kuma a 'yan shekarun nan ya taimaki yara da dama. Akan haska wurin da na'urar da ake gasa ciwon daji da ita. Akan yi tiyata a cire wurin da ya lalace a sa ƙarfe, ko a tallafi ƙashin baya. Dashen ƙashi kuwa yakan narke shi ma in an yi shi ciwon bai tsaya ba. A wasu mutane ciwon yakan tsaya da kansa bayan shekaru, sai dai ƙashin da ya tafi ba ya dawowa.

Abin da ya rage gare mu

Masu ɗori sun daɗe suna yi wa jama'armu hidima, kuma a ƙauyukan Auyo, Guri, Kirikasamma da Kafin Hausa sau da yawa su ne mafi kusa, musamman da damina in ruwa ya yanke hanya. Amma kara da tsumma suna riƙe ƙashi ne domin jiki ya yi gini. In ginin ne ya tsaya, ko an sake ɗori sau goma ba zai haɗe ba. Saboda haka muna roƙon ɗalibai da iyaye da malamai su riƙe waɗannan abubuwa:

Na ɗaya, karayar da ta faru ba tare da wata babbar faɗuwa ba, a kai ta asibiti tun ranar farko.

Na biyu, karayar da ta wuce wata uku ba ta fara haɗewa ba, ko ciwon ƙashi da ya wuce makonni yana ƙaruwa, musamman mai hana barci, a nemi hoto.

Na uku, a adana kowane hoto da takardar gwaji a cikin leda, a rubuta kwanan wata a jiki, a tafi da su duk asibitin da za a je.

Na huɗu, in likita ya ba da takardar zuwa Dutse ko Birnin Kudu ko Kano, a taimaki iyalin su tafi. Kuɗin mota da na gwaji sukan fi ƙarfin gida ɗaya, amma ba su fi ƙarfin dangi da maƙwabta ba.

Na biyar, kada a guji mara lafiya, kada kuma a ɗora wa wata tsohuwa ko kishiya laifin maita ko sammu. Ciwon da ba a gane ba yakan raba zumunci fiye da yadda yake cin ƙashi.

Kammalawa

Rashin sani ya fi dare duhu. Daga saurayin Boston na 1838 zuwa sunan da ciwon ya samu a 1955 shekara 117 ne, kuma abin da ya cike wannan tazara shi ne mutane masu lura da kyau, masu rubuta abin da suka gani, masu adana shi domin na baya. Ku 'yan ajin kimiyya, wannan aiki ne da kuke koya tun yanzu a ɗakin gwaji in malami ya ce ku zana abin da kuka gani a madubi, ba abin da kuke zato ba. Jihar Jigawa tana bukatar masu ɗaukar hoton ƙashi, da masu gwajin jini, da masu duba nama a madubi, da ma'aikatan jinya, kamar yadda take bukatar likitoci. Ƙila wata rana a kawo wa ɗayanku yaron da kafaɗarsa ta ƙi warkewa. Muna fata a ranar zai tambayi tsohon hoton, ya jera shi kusa da sabo, ya duba da haƙuri.